Kafin Ka Ce Yaro Daƙiƙi Ne

Jawabin da Jami'in Ilmin Manya ya yi wa 'yan ajin manya na ƙasar Boɗinga da ta Shagari

Na san waɗansunku daga gona suka taso, waɗansu kuwa tukunya suka bari bisa murhu. Saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Yau za mu ajiye alli da allo tukuna. Magana za mu yi a kan 'ya'yanmu da ke makarantar firamare, watau masu shekara 6 zuwa 12.

A kowace makaranta, ko ta Sifawa ce, ko ta Dingyadi, ko ta Kajiji, ko ta Dandin Mahe, akwai wani yaro da kowa ya sani. Can baya ya ke zama. Ba ya ɗaga hannu. Kafin hantsi ya fara gyangyaɗi. In an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Malam ya ce daƙiƙi ne. Uba ya ce malalaci ne. Uwa ta ce taurin kai gare shi. Daga nan sai bulala. Bayan shekara biyu ko uku uba ya gaji, ya ce, "Wannan ba na boko ba ne." Sai ya cire shi ya tura shi kiwo. In mace ce a ɗora mata farantin talla. Shi ke nan, an rufe wa yaro ƙofa tun bai san abin da ke bayanta ba.

Ni malamin makaranta ne kafin a ba ni wannan aiki. Abin da na gani cikin aji shi ne, da yawa daga irin waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne. Wani yunwa ya ke ji. Wani cuta ce ke cinsa a ɓoye. Wani kuwa tsoro ne ya cika masa zuciya. To, kafin ka ce ɗanka daƙiƙi ne, kafin ka ɗauki bulala, ka yi wa kanka tambaya uku. Ya ci abinci? Jikinsa lafiya? Hankalinsa kwance ya ke? Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

TAMBAYA TA FARI: YA CI ABINCI?

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kowa ya san ba a fita huɗa da cikin wofi. Karatu ma aiki ne, ƙwaƙwalwa kuwa da abinci ta ke aiki kamar yadda hannu ya ke yi. Yaron da ya ci tuwo da magariba, ya tashi da safe ya tafi makaranta bai karya ba, kafin a tashi tara ya yi fiye da awa goma sha biyu ba kome a cikinsa. Ina zai ji abin da malam ke faɗi?

Na san halin da a ke ciki na tsadar hatsi. Ba na ce a ba shi shayi da burodi ba. Ɗumame ya isa. Koko ko kunu ya isa. Fura da ɗan nono ta isa. In ba a sami ko ɗaya ba, a zuba masa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Abin da a ke so kawai, kada ya fita gida da yunwa. A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da yara a makarantu. Inda ya kai ya taimaka. Amma irin wannan shiri ya kan zo ya kan tsaya, cikin yaro kuwa ba ya tsayawa. Kada mu dogara da tukunyar da ba mu ne muka ɗora ta ba.

Abinci iri uku ne, ku riƙe su. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da shinkafa da rogo da dankali. Akwai mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama da awara. Akwai mai tsare jiki daga cuta, kamar zogale da kuka da rama da kabewa da karas da mangwaro da gwanda. Yawancinmu na farin mu ke ba yara, mu manta da sauran biyun. Alhali duk a gonakinmu da fadamunmu su ke fitowa. Zogale ɗaya a bayan ɗaki ya ishi gida.

Akwai al'adu biyu da ya kamata mu duba. Ta fari, a kan haɗa yara biyar ko shida a akushi ɗaya. Manya su yi loma uku kafin ƙarami ya yi ɗaya. Uwa tana ganin akushi ya ƙare, tana tsammanin kowa ya ƙoshi. A raba wa ƙanana nasu dabam. Ta biyu, waɗansu na cewa in yaro ya ci ƙwai zai zama ɓarawo. Wannan ba gaskiya ba ne. Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Gina jiki ya ke yi.

Ga wata dabara. Ka ja fatar idon ɗanka ta ƙasa ka duba, ka kuma duba tafin hannunsa. In ka ga sun yi fari fat, jini ne ya yi masa kaɗan. Irin wannan yaro ya kan gaji da wuri, ya riƙa haki in ya yi gudu. A kai shi asibiti a auna. Gishiri kuma a sayi na leda mai aidin. Tun 1993 hukuma ta sa doka a riƙa sa aidin cikin gishiri, domin yana hana maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar yaro.

Kada a manta da ruwa. Zafinmu na bazara ya kan wuce awo 40. A ba yaro gora mai tsabta ya tafi da ita.

TAMBAYA TA BIYU: JIKINSA LAFIYA?

Cutar da ta kwantar da yaro, kowa na ganinta. Wadda ta fi ɓarna a makaranta ita ce wadda yaro ke yawo da ita.

Mu fara da tsargiya, watau fitsarin jini. A ƙauyuka da yawa, in yaro ya fara fitsarin jini sai a yi dariya a ce ya zama namiji. Jama'a, wannan ba alamar balaga ba ce. Cuta ce. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz shi ya fara ganin tsutsar da ke kawo ta, a Alƙahira, a shekarar 1851. Ga yadda ta ke yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari cikin tafki. Ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe cikin ruwa, su shiga jikin ƙananan katantanwa. A can su ke hayayyafa, sa'an nan su fito su bazu cikin ruwa, ido ba ya ganinsu. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ruwan ba. A cikin jiki su ke girma, su zauna a jijiyoyin mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni har jini ya fito.

Kullum jini na zuba kaɗan kaɗan, yaro na ramewa, yana kasala, malam na cewa malalaci. In an bar ta shekara da shekaru ta kan lalata mafitsara da ƙoda. 'Yan mata ma suna kamuwa wajen wanki da ɗiban ruwa, ta kan kuma ba su wahala wajen haihuwa in sun girma. Mu nan muna da fadamu da tafkuna, ga kuma madatsar ruwa ta Shagari. Albarka ce gare mu wajen noman rani. Amma duk inda ruwa ke kwance, yara na wanka suna fitsari a ciki, sai a yi hattara.

Maganinta yana nan. Ƙwaya ce da ma'aikatan lafiya ke rabawa a makarantu kyauta. Su kan tsai da yaro jikin sandar awo, tsawonsa shi zai nuna ƙwaya nawa za a ba shi. Ranar da za a raba, lalle yaro ya ci abinci tukuna. Wani ya kan ji jiri ko ciwon ciki na ɗan lokaci, sa'an nan ya wuce. Kada wannan ya sa ku hana. Maganin tsutsar ciki ma haka a ke raba shi. Akwai irin tsutsar da ta tafin ƙafa ta ke shiga, tana shan jini a hanji. Maganin wannan takalmi ne, ko da silifa, da kuma yin bayan gida a salga.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Tun 1897 wani likita Bature mai suna Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar cutar. Da damina a kan bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata wata. Wannan ya yi kyau. Amma ku lura da abin da ke faruwa a gidajenmu. Gidan sauro na uwa ne da jariri. Ɗan makaranta kuwa yana can zaure ko tsakar gida bisa tabarma, sauro na ta biki a kansa. Shi ma a ɗaura masa nasa. In ya yi zazzaɓi a kai shi a ɗiga jininsa a gwada, minti ashirin ya isa a sani. In an ba shi magani na kwana uku, ya sha na kwana ukun cif. Kada a ga ya tashi ran na biyu a ɓoye saura don ƙanensa.

Sai ido da kunne. Na taɓa samun wani yaro a aji uku wanda kowa ya sallama shi. Na lura in ana rubutu a allo sai ya ƙanƙance ido, ya leƙa littafin na kusa da shi. Na dawo da shi benci na gaba, na kuma roƙi mahaifinsa ya kai shi a duba idonsa a Sakkwato. Aka ba shi tabarau. Kafin ƙarshen shekara yana cikin goman farko. Shekara biyu ana dukansa a kan abin da ba ya gani. Ku gwada naku a gida. Ka rubuta baƙi a bango da gawayi, ka ja da shi baya taki shida, ka rufe masa ido ɗaya ka ce ya karanta, sa'an nan ka rufe ɗayan. Ka tsaya bayansa ka kira sunansa a hankali. In sai ka ɗaga murya ya ke juyowa, ko kunnensa na zubar da mugunya, asibiti za a. Kada a ɗiga manja ko ruwan ganye a ciki. Wanke fuska da sabulu kowace safiya kuma yana korar ƙuda, yana tsare yaro daga amodari, ciwon idon nan da ke makanta mutum in ya tsufa.

Zawo ba ya jira. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. A nemi garin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, kada a hana shi abinci. In ya kasa sha, ko idonsa ya zurma, ko da jini cikin zawon, a tafi asibiti nan take.

Akwai ciwo uku da ba a kwana da su a gida. Na fari sanƙarau, wanda ya kan zo daga hunturu zuwa bazara. Ba mu manta da wanda ya auka wa Sakkwato da Zamfara a 2017 ba. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuyansa ya sandare, a ɗauke shi ran nan. Na biyu mashaƙo, wanda ya ɓarke a Arewa tun ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano. Yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a cika musu allurar rigakafi ba. Alamarsa ciwon maƙogwaro da kumburin wuya. Na uku gyambon dasashi mai wari ga yaro ramamme, musamman bayan ƙyanda. Likitoci na kiransa noma, ba noman gona ba. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6. Cikin 'yan kwanaki ya kan cinye kumatu da leɓe, amma in an tare shi da wuri magani na tsai da shi. Akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato tun 1999.

Wani zai ce, cuta ai ba ta ƙarewa. To, ku tambayi tsofaffinmu labarin agana. Yau wa ya ga mai sabon zanen agana? Rabon Nijeriya da ita tun 1970, a 1980 kuwa aka shelanta ta ƙare a duniya duka. Lamba ce ta yi wannan aiki. Ku tuna da kurkunu, wanda ke kwantar da manomi daidai lokacin noma, ya hana yaro zuwa makaranta wata biyu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da shi a ƙasar nan. Na ƙarshe a 2008 aka gan shi, a 2013 aka ba Nijeriya shaidar ta rabu da shi. Kurkunu kuwa ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Mutanen ƙauye ne suka kore shi, da tace ruwa da ƙyalle da gina rijiyoyi masu kyau. Shan inna ma, bayan sarakunanmu sun sa baki, a 2020 aka shelanta irin na asali ya ƙare a Afirka. Akwai wani reshensa da ke ɓulla inda a ke tsallake yara, shi ya sa har yanzu a ke ɗigawa. Gani ya kori ji. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYA TA UKU: HANKALINSA KWANCE YA KE?

Wannan ita ce wadda muka fi sakaci da ita. Mu kan ce, "Yaro me ya sani? Wace damuwa gare shi, shi da ba ya ciyar da kowa?" Yaro na da zuciya kamar taka. Yana jin tsoro, yana jin kunya, yana baƙin ciki. Bambancinku kawai, kai ka iya faɗi, shi bai iya ba. Saboda haka jikinsa ke faɗa masa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ga alamun da za ku lura da su. Yaro mai surutu ya yi shiru. Mai son wasa ya koma gefe shi kaɗai. Kowace safiyar makaranta ya ce cikinsa na ciwo, ran Asabar kuwa garau. Ya riƙa firgita cikin barci. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Ya riƙa faɗa ba dalili. In kun ga haka, akwai abin da ke cinsa.

Mu yi maganar duka. Na san kowannenmu da bulala ya tashi, ni ma haka. Ba na ce a bar yaro ba kwaɓa ba, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Ku tuna ranar da kuka fara zuwa ajin nan, malam ya ce ku fito ku rubuta sunanku gaban jama'a. Hannu bai yi rawa ba? Baƙin da kuka sani sarai bai ɓace muku ba? To, ku manya ke nan, ba wanda ya riƙe muku bulala. Ina ga ɗan shekara bakwai? Tsoro na toshe ƙwaƙwalwa. Yaron da a ke duka a kan karatu, ba karatun ya ke koyo ba, ɓuya ya ke koyo da ƙarya. Mari a kunne kuma ya kan fasa dodon kunne, ya rage wa yaro ji.

Zagi ma duka ne, sai dai tabonsa ba ya fita a fata. In kullum uba na ce wa ɗansa "jaki", "ɗan banza", "ba za ka yi albarka ba", wata rana yaron zai gaskata. In ya yi laifi, a faɗa masa laifin, a sa shi ya gyara abin da ya ɓata, ko a hana shi fita wasa ran nan. In ya yi abin kirki kuma a faɗa. "Madalla, Allah ya yi maka albarka" ba a sayen ta da kuɗi, amma yaro ya kan riƙe ta har tsufansa.

Akwai yaran da ke bukatar a ƙara lura da su. Mai fitsarin kwance ba da gangan ya ke yi ba. Kada a tara masa yara su yi masa ature. A rage masa ruwa da dare, a tashe shi ya yi fitsari, yawanci da kansa ya ke bari. Mai i'ina a ba shi lokaci ya gama maganarsa, kada a kwaikwaye shi. Bahago a bar shi ya yi rubutu da hannun da ya fi masa sauƙi. Mai farfaɗiya kuwa, ku ji da kyau, ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. In ta tashi, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa kome a baki. Akwai maganin asibiti da ke hana ta tashi. Bai kamata a cire shi daga makaranta ba.

Sai maraya, da agola, da ɗan riƙo, da yaron da uwarsa ta fita. Manya sun yi faɗa sun rabu, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya zauna ya yi wa yaro bayani. Shi kuwa sai ya ɗauka laifinsa ne. A gaya masa ba laifinsa ba ne. A bar shi ya riƙa ganin uwarsa. A raba abinci da sutura daidai tsakaninsa da 'yan ɗaki.

Mutanen Shagari, ku kun fi kowa sanin abin da maraya ke iya zama. An haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Yana wajen shekara biyar mahaifinsa, Magajin Shagari, ya rasu. 'Yan'uwa ba su yar da shi ba. Aka sa shi elementare a Yabo, ya wuce midil a Sakkwato, ya tafi kwaleji a Kaduna. Ya zama malamin makaranta, har ya riƙe makaranta a Argungu. A 1979 ya zama Shugaban Ƙasa. Ba kowane maraya zai hau wannan kujera ba. Amma da an ce tun yana ƙarami "wannan ba na boko ba ne", da Nijeriya ba ta san shi ba.

Akwai kuma baƙinmu. Tun wajen 2018 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar nan, wajen Rabah da Isa da Sabon Birni, mutane da yawa suka bar gidajensu. In irin waɗannan yara sun zo garinku, ku sani sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wani in babur ya wuce sai ya ruga ya ɓuya. Kada a yi masa dariya. Kada a tilasta shi ya ba da labari. A sa shi makaranta, a bar shi ya shiga wasa da yara, ya san gobe ma nan zai kwana. Namu yaran kuma, a daina nuna musu hotunan gawa a waya, a daina ba da labarin kisa a gabansu.

Abu ɗaya mai nauyi. In yaro ko yarinya ya fara gudun wani babba, ya ƙi a aike shi wurinsa, kada a ce rashin kunya ne. A ja shi gefe a tambaye shi a hankali. In ya faɗi wani abu, a gaskata shi tukuna, a kai shi asibiti, a kai maganar ga hukuma. Rufe irin wannan don gudun abin kunya, ba yaro a ke tsarewa ba, mugun a ke tsarewa. Jihar Sakkwato ta kafa dokar kare yara a 2021. 'Yan matan da a ke tura talla har dare su suka fi shiga wannan haɗari.

Maganin zuciya ba shi da tsada. Barci ne, awa 9 ko fiye kowane dare, ba zaman gidan kallo ba. Wasa ne, langa da ƙwallo da gaɗa, gama yaron da ya tashi daga makaranta ya wuce ɗiban ruwa, ya wuce kiwo, ya wuce talla, ba shi da sauran ƙarfin karatu. Sa'an nan hira. Kakanninmu ba su yi wauta ba da suka riƙa tara yara da dare suna tatsuniya. Uba, ko kunyar ɗan fari ka ke yi, ka sa kawunsa ko kakarsa su riƙa jin ta bakinsa. Kowane yaro ya sami babba ɗaya wanda zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da tsoro ba.

AIKIN GARI DUKA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar 2004 ta ce kowane yaro ya yi karatun shekara tara kyauta, kuma tilas. Amma doka ba ta share salga. Kowace makaranta na da kwamitin iyaye da malamai da masu gari. Ku shiga. Ku je ku gani da idonku: akwai ruwan sha? Akwai salga, ta maza dabam ta mata dabam? Yarinyar da ta fara girma, in ba wurin da za ta kewaya, gida za ta zauna. Randa ɗaya da buta da sabulu a bakin aji ba su fi ƙarfin gari ba. In mun iya gayya a gona, mun iya ta a makaranta.

Ko sau ɗaya a zango, uba ko uwa ya je ya gai da malam, ya tambayi halin ɗansa. Ka gaya wa malam abin da bai sani ba: yaron nan ba ya ji sosai, yaron nan uwarsa ta rasu bara, yaron nan sikila gare shi, kada a sa shi aiki cikin rana. Malam mai yara sittin ko fiye a aji ba zai gane wannan shi kaɗai ba. Ku kuma da kuka iya karatu yanzu, ku ɗauko katin rigakafin 'ya'yanku ku karanta da kanku. In da gurbin da ba a cika ba, ku kai wa malamin asibiti.

Ga abin da na ke roƙo kowa ya tafi da shi gida:

1. Kada yaro ya tafi makaranta bai karya ba.
2. Ya wanke fuska da hannu da sabulu, ya yi asawaki, ya sa takalmi.
3. Ya kwana cikin gidan sauro.
4. Fitsarin jini cuta ce, a nemi magani.
5. A gwada idonsa da kunnensa.
6. Sandarewar wuya, kumburin maƙogwaro da gyambon baki ba su kwana a gida.
7. A kwaɓe shi ba da zagi ba, a yabe shi in ya yi daidai.
8. In halinsa ya sāke, a tambaye shi kafin a hukunta shi.

Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin talaka. Gobe da safe, kafin yaranku su fita, ku dube su da kyau, ku yi tambayoyin nan uku. Ɗa na kowa ne, saboda haka in ka ga na maƙwabci ma cikin wani hali, ka yi magana. Allah ya raya mana su, ya ba su lafiya da ilmi mai amfani.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne tambayoyi uku za ka yi kafin ka ce yaro daƙiƙi ne?
2. Faɗi abinci biyu masu gina jiki da a ke samu a garinku.
3. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin yaro?
4. Me za ka yi in farfaɗiya ta kama yaro a gabanka?
5. Rubuta abu ɗaya da makarantar garinku ta rasa, wanda jama'a za su iya yi da kansu.